Ƙwai ɗaya da 'ya'ya miliyan: abin da na gani a tsibirai da kogunan Sikotlan

Idan aka tambaye ni sana'ata, nakan ce ƙidaya nake yi. Ina ƙirga halittun da ke neman ƙarewa a ƙasar Sikotlan, wasu a ƙarƙashin ruwan kogi, wasu a cikin ramuka a tsibiran teku. Biyu daga cikinsu ne suka cinye mafi yawan shekarun aikina: ƙumbar lu'ulu'u da ke zaune a gindin kogi, da wani tsuntsun teku mai jan baki da ake kira fafin. Duk wanda na ba labarin aikin, a kan tsuntsun yake tsayawa, ya ce in nuna masa hoto. Ƙumbar kuwa sai a gyaɗa kai a wuce. Shi ya sa nake so in ba da shaidar abin da idona ya gani game da su biyun, domin na riƙe kowannensu a tafin hannuna, kuma na san wanda ya fi kusa da shuɗewa.

Karatu ne ya kai ni ƙasar. Ilimin halittun ruwa na je karantawa, da niyyar in gama in kama gabana. Lokacin sanyi na farko ya ba ni wuya ƙwarai. Rana ta fito a makare, kafin ka ankara duhu ya rufe, ga kaɗaici. Wani abokin karatuna da ya lura na fara kulle kaina a ɗaki ya ce in bi shi aikin sa-kai a wani ɗan tsibiri mai suna Craigleith, wanda ake hangowa daga garin North Berwick a bakin mashigin Forth. Don in sha iska na bi shi, tsuntsu bai cikin lissafina a lokacin.

Aikin sara ne. A shekarar 1999 tsibirin yana ɗauke da fafin wajen ma'aurata 28,000. Sai wani tsiro mai suna malo, wanda kan fi mutum tsayi, ya mamaye shi, saboda tsananin sanyin da a da yake kashe shi ya yi sauƙi. Ya toshe bakin ramuka, tsuntsayen suka rasa wurin haƙa, yawansu ya faɗo zuwa 'yan dubbai. Tun 2007 cibiyar tsuntsayen teku ta garin take kwasar 'yan sa-kai a kwalekwale, suna sare tsiron da hannu a watannin da tsuntsayen ba sa nan. Haka na fara yi wa fafin hidima tun ban taɓa sa shi a idona ba, ina datse itace cikin iska mai yanka kunne, tare da tsofaffi masu ritaya da suka fi ni zafin nama.

A tsibirin May na fara ganinsa, bayan sun dawo daga teku a watan Afrilu. Ɗan tsuntsu ne, tsawonsa bai wuce santimita 30 ba, nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Bayansa baƙi, ƙirjinsa fari, ƙafafunsa ruwan lemo, bakinsa faffaɗa mai ratsin ja da rawaya da toka-toka. Wannan adon bakin na lokacin aure ne kawai, da an gama reno sai ya zubar da shi ya koma teku da ƙaramin baki mara armashi. Ba zan ɓoye ba, ganin farko ya shiga raina. Daga nan na nemi gurbi cikin masu taimaka wa ƙidaya a tsibirin, inda masana ke bin diddigin tsuntsayen tun shekarun 1970.

Ramuka ake ƙirgawa, domin tsuntsun ba ya tsayawa a ƙirga shi. A duba bakin rami: akwai sabuwar ƙasa da aka tono? Akwai kashi, ko ɗan gashi? Idan akwai, rami na da masu shi. Wasu ramukan da aka yi wa alama kuma sai an duba cikinsu. Ka kwanta rub da ciki a kan ƙasa mai laima, ka zura hannu har kafaɗa, kumatunka a jikin ciyawa, warin kifi da kashi yana dukan hancinka. Wani lokaci uwar ce za ta tarbe ka da cizo, kuma bakin nan mai kyau yana fasa fata. Wani lokacin kuma yatsunka su taɓa wani dunƙule mai ɗumi, gashinsa laushi tiɓis, zuciyarsa tana bugawa da sauri a cikin hannunka. Ka jawo shi a hankali, a sa shi a jaka a auna nauyinsa, a auna fiffikensa, ka mayar da shi inda ka ɗauko. Daga nauyin nan ake gane ko teku ta ciyar a wannan shekara ko ta hana.

Ƙwai ɗaya tak fafin ke yi a shekara. Uwa da uba suna karɓa-karɓa wajen kwanci kusan mako shida, sannan su shafe kusan wasu shidan suna jigilar abinci. Ranar da ɗan zai tafi, cikin dare yake fitowa shi kaɗai ya nufi ruwa, ba rakiyar uwa ba ta uba. Ba zai fara nasa ƙwan ba sai ya kai wajen shekara biyar. Amma yana da tsawon rai, yakan wuce shekara 20, an ma samu waɗanda suka haura 30, kuma miji da mata kan koma raminsu na bara.

Abincin da ya fi dogaro da shi a tekun gabashin Sikotlan shi ne sandil, wani siririn kifi mai ƙiba da ke ɓuya cikin yashin gindin teku. Fafin kan nutse ya bi shi a ƙarƙashin ruwa yana tuƙi da fikafikansa, ya jero goma ko fiye a baki, harshe da 'yan ƙayoyin ganɗarsa suna riƙe na farko yayin da yake cafko na gaba. To ruwan tekun yana ta ƙara ɗumi, ƙananan halittun da sandil ke ci masu son sanyi suna ja zuwa arewa, sandil ɗin ya ragu kuma ya ƙanƙance, ga manyan jiragen kamun kifi da suka yi shekaru suna kwasarsa don yin abincin dabbobi da mai. Waɗanda suka riga ni aiki sun ba ni labarin tsakiyar shekarun 2000, lokacin da iyaye suka rasa sandil suka koma kawo wani dogon kifi mai taurin jiki da 'ya'yan ba sa iya haɗiyewa. Sai ka zura hannu ka tarar da rami cike da busasshen kifi, ɗan tsuntsu kuma ya mutu da yunwa a tsakiyarsa. A tsibirin May, ramuka masu rai sun kai kusan 69,000 a 2003, zuwa 2008 sun faɗo ƙasa da 50,000. A tsibiran Røst na ƙasar Norwe abin ya fi muni: daga ma'aurata wajen miliyan 1.4 a 1979 zuwa ƙasa da 300,000 cikin shekara talatin da 'yan kai, saboda shekara bayan shekara 'ya'ya ba sa tsira. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa fafin cikin masu rauni a duniya, a nahiyar Turai kuma cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. Kuma mutanen wannan yanki sun san ƙarewa ba tatsuniya ba ce, domin babban ɗan uwansa da ba ya tashi sama an kashe ma'auratansa na ƙarshe da aka sani a tsibirin Eldey na Aislan a 1844.

Abu mafi girma da tsibirin ya koya mini shi ne kada in ruɗu da yawan manya. Tsuntsu mai tsawon rai zai ci gaba da dawowa kowace shekara ko da duk 'ya'yansa suna mutuwa. Baƙo ya zo ya ga sama ta yi baƙi da fikafikai, ya koma gida da murna. Sai bayan shekaru, idan tsofaffin suka fara faɗuwa babu masu maye gurbi, sannan giɓin zai bayyana gaba ɗaya.

Da wannan idon na shiga kogi. Bayan na kammala karatu, aikin da Allah ya nufe ni da shi shi ne na binciken ƙumba a kogunan arewacin ƙasar. Ba zan faɗi sunan kogin da zan ba da labarinsa ba, kuma duk mai wannan aiki haka zai gaya maka, dalilin zai zo a gaba. Sai da lasisin NatureScot, hukumar kula da halittu da muhalli ta ƙasar, ake taɓa ƙumbar nan. Kayan aikin kaɗan ne: wandon roba mai kaiwa ƙirji, ma'auni, allon rubutu da ruwa ba ya ɓata shi, da bokiti mai gindin gilashi da ake dannawa a kan ruwa a leƙa ƙasa.

Ranar farko wani dattijo mai gadin kifi a kogin ne ya raka ni. Na shiga ruwa har cinya, sanyi ya ratsa robar ya kama ƙashi, na danna bokitin na sunkuya. Da farko tsakuwa kawai na gani da duwatsu. Sai idona ya saba, na fara rarrabe wasu baƙaƙen duwatsun da ke tsaye a kan gefensu, rabinsu a binne, dukansu sun fuskanci inda ruwa ke fitowa. Kowanne yana da 'yar tsaga a sama, da wani lallausan nama mai geza yana motsi a hankali. Inuwar hannuna ta gifta, tsagar ta rufe. Suna da rai, suna nan cunkushe a bayan wani babban dutse, ɗaruruwa. Na ciro ɗaya. Ta cika tafina, nauyi gare ta, ɓawonta baƙi ne mai layi-layi, wajen maɗaurin ya zaizaye har fari ya fito saboda tsufa. Layukan nan shekarunta ne. Na auna ta, ta haura santimita 12, na mayar da ita daidai raminta, na fuskantar da ita yadda na same ta.

Sai na shiga neman ƙanana. A ƙa'idar aikin, ƙumbar da ba ta kai milimita 65 ba ita ce shaidar cewa an samu haihuwa a shekarun baya-bayan nan. Na tona tsakuwa da yatsu a wuri bayan wuri har hannuna ya daina jin komai. Maimakon tsakuwa mai tsabta, laka ce baƙa take tasowa ta turnuƙe gilashin. Ko ɗaya ban samu ba.

Na fito na ce, "Baba, manya ne zalla. Ka taɓa ganin ƙanana a nan?"

Ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya ce, "Ɗana, waɗannan da ka ɗaga, haka na tarar da su ina yaro. Ƙanana kuwa rabona da su tun kafin a haƙa magudanan can na sama."

Kogin ya zame mini kamar garin da ke cike da dattawa, kowa na zaune a ƙofar gidansa lafiya lau, amma an shekara hamsin ba a ji kukan jariri ba. Mai wucewa zai ce gari na nan. Kuma irin wannan kogi ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Ƙumbar nan takan shekara fiye da 100, a Suwidin an samu waɗanda suka haura 200. Saboda haka kogi zai iya daina haihuwa tun zamanin kakanka, ƙumba kuma tana nan a idonka har ka tsufa. Abin da fafin ke ɓoyewa na shekara goma ko ashirin, ita tana ɓoye shi na ƙarni guda.

Hanyar haihuwarta ita ce abin da ya fi ɗaure mini kai cikin duk abin da na karanta, kuma har yau idan na tuna sai in yi tasbihi. Ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 10 zuwa 15. Namiji ya saki maniyyinsa cikin ruwa, mace da ke ƙasa da shi ta zuƙe shi tare da ruwan da take tacewa. A ƙarshen bazara sai ta feso 'ya'ya miliyan ɗaya zuwa huɗu, kowanne bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ɗan ɓawo biyu a buɗe yana jira. Abin da yake jira kifi ne, kuma ba kowane kifi ba, sai ɗan salmon ko tirawut. Idan kifin ya zuƙi ruwa, ɗan ƙumbar ya datse bakinsa a kan jan naman da kifi ke numfashi da shi a ƙarƙashin kumatunsa. A nan zai zauna duk lokacin sanyi, naman kifin ya lulluɓe shi, ba tare da ya yi wa kifin wata illa ta a-zo-a-gani ba. Wajen watan Mayu ko Yuni ya saki ya faɗo. Idan ya dace ya sauka a tsakuwa mai tsabta da ruwa ke ratsawa, sai ya nutse ciki ya ɓuya wajen shekara biyar kafin ya leƙo. Wanda bai gamu da kifi ba cikin 'yan kwanaki ya mutu. Wanda ya faɗa a laka ya shaƙe. Kusan dukansu haka suke ƙarewa, ko a kogi mai lafiya.

Nakan jera su a raina. Tsuntsu ya zuba duk ƙarfinsa a ƙwai guda, uwa da uba suna tsaye a kai dare da rana. Ƙumba ta watsa miliyoyi ga ruwa, ba ta san inda ko ɗaya ya sauka ba. Hanyoyi biyu da suka yi hannun riga, amma lissafinsu a ƙarshe ɗaya ne: kowannensu ya dogara da cewa babba zai daɗe a duniya har ya samu wanda zai gaje shi, kuma kowannensu rayuwar ɗansa a wuyan wani ɗan kifi take rataye. Fafin na buƙatar sandil a baki, ƙumba na buƙatar salmon ya goya mata. A watan Disamba na 2023 IUCN ta sa salmon na Birtaniya cikin masu fuskantar ƙarewa. Ranar da na ji labarin, ƙumba ce ta fara faɗo mini a rai.

Ga dalilin da ya sa muke ɓoye sunayen wurare. Tun zamanin da can ake farautar ƙumbar nan saboda lu'ulu'un da kan samu a cikin ƙalilan daga cikinsu. Marubucin tarihin Rumawa Suetonius ya ce kwaɗayin lu'ulu'u na cikin abin da ya ja Yuliyas Kaisar zuwa Birtaniya. A 1967 wani mai sana'ar, William Abernethy, ya ciro daga kogin Tay wani babban lu'ulu'u da har yau ake kira da sunansa. Dattijon nan ya gaya mini cewa gwanayen zamanin da can suna gane ƙumba mai ɗauke da lu'ulu'u daga karkacewar ɓawonta, su buɗe ta kaɗan da wani ƙarfe, su duba, su mayar da ita da ranta. Waɗanda suka biyo baya da motoci da wuƙaƙe ba su da wannan haƙurin. A 1998 doka ta haramta kashe ta ko ɗaukarta ko damunta kwata-kwata, sayar da lu'ulu'unta ma sai da lasisi. Duk da haka ba a daina ba. Na taɓa zagayo wata kwana a bakin kogi na tarar da tulin ɓawo a kan yashi, an farke su da wuƙa, naman bai gama bushewa ba, ƙudaje na bi. Na durƙusa ina jera su bisa girma don rahoton 'yan sanda, ina duba layukan jikinsu. Da yawansu sun girmi mahaifina, wasu sun girmi kakana. An gama da su cikin yammaci ɗaya, kuma mai yiwuwa wanda ya yi bai samu ko ƙwaya ɗaya mai daraja ba. Na yi hawaye a wurin, ban ji kunyar abokin aikina ba.

Sai dai ɓarawo da wuƙarsa ba shi ne babban mai kisa ba. Babban mai kisa shiru yake aikinsa: lakar da ke gangarowa daga magudanan gonakin itatuwa da hanyoyin da aka yanka a kan tudu, takin zamani da ke haifar da gansakuka ta rufe tsakuwa, shanu da ke tattake gaɓa, madatsun ruwa da ke hana kifi hawa, gyaran kogi da katafila, sai kuma fari da ambaliyar da suke ƙara tsanani. A tsakiyar Turai an yi asarar fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙumbar nan a ƙarnin da ya wuce. IUCN ta sa ta cikin masu fuskantar ƙarewa a duniya baki ɗaya, a Turai kuma a mataki na ƙarshe kafin shuɗewa. Wato a kan takarda ma ta fi fafin shiga haɗari. Sikotlan na riƙe da kaso mai tsoka na kogunan da har yanzu ake haihuwa a cikinsu, irin su Spey da Dee da wasu ƙanana a arewa maso yamma.

Akwai wani bambanci da aiki ya nuna mini wanda ba a cika faɗa ba. Tsibiri yana da iyaka, ana iya share shi. A tsibiran Shiant an baza maganin ɓera a lokacin sanyin 2015 zuwa 2016, a 2018 aka tabbatar babu sauran ɓeran da zai ci ƙwai. A tsibirin Lundy na Ingila, inda fafin 13 kacal aka ƙirga a shekarar 2000, bayan kawar da ɓeraye sun haura 1,000. A Craigleith da na yi sara, tsuntsaye sun dawo suna haƙa a inda malo ya taɓa rufewa. Gidan tsuntsu ana iya gyara masa, abincinsa ne ke can cikin teku inda hannu ba ya kaiwa, ko da yake hana kamun sandil a ruwan Sikotlan da aka fara a watan Maris na 2024 ya faranta mana rai matuƙa. Kuma idan wuri ya ɓaci, fafin na da fiffike. Ƙumba kuwa inda ta faɗo tana ƙarama, kusan nan za ta mutu. Ba ta gudu, ba ta ƙaura. Duk abin da aka zuba ko aka tona a ko'ina a saman kogin, a gonar wane ko dajin wane, ta cikin jikinta zai bi, domin babbar ƙumba kan tace ruwa har lita 50 a rana. Don ka cece ta sai ka shawo kan kowane mai fili daga tushen kogi har inda take, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowa da uzurinsa.

Akwai ranar da muka kafa tebura biyu a wani taron wayar da kai, ɗaya na tsuntsayen teku, ɗaya na kogi. Yara suka yi dafifi a na tsuntsaye, iyaye suna zuba kuɗi a akwati, ana sayen hotuna da 'yan tsana masu jan baki. Ni ina tsaye a ɗayan da ɓawo biyu a faranti. Waɗanda suka tsaya kaɗan ne, kuma tambayar da ta fi yawa ita ce nawa lu'ulu'un yake. Raina ya sosu a ranar. Ban ji haushin tsuntsun ba, ni ma ina ƙaunarsa, kuma duk abin da aka ba shi yana buƙata. Abin da ya dame ni shi ne yadda tausayinmu ke bin ido. Mai kyan fuska da ke iya tsayawa a ɗauke shi hoto yana da masu kuka dominsa tun yana raye. Wadda ke binne a tsakuwa tana tace wa kifi da mutane ruwa shekara ɗari, ko ta ƙare ba mai sanarwa. A ganina wannan ba adalci ba ne, kuma Wanda ya halicci fafin da adonsa Shi ya halicci ƙumba da baƙin ɓawonta, amanar duka biyun kuma a wuyanmu take.

Lokacin da dama ta zo mini in koma aikin tsibiri na dindindin, na yi ta juya abin a raina, na yi shawara da maiɗakina, daga ƙarshe na zauna a kogi. Tsibiri ba zai rasa hannaye ba. Kogi kuwa masu shiga ruwansa ana iya ƙirga su.

Aikin da muke yi yanzu ya ɗoru ne a kan abin da aka koya daga babban shirin da aka fara a 2012 da tallafin Tarayyar Turai, wanda ya shafi koguna 21 a Sikotlan da Ingila da Wales. Muna toshe tsofaffin magudanai don laka ta daina sauka. Muna dasa itatuwa a gaɓa don inuwa ta sanyaya ruwa, saiwa ta riƙe ƙasa. Muna kafa shinge da kwamin shan ruwa don shanu su daina shiga. Inda aka taɓa jera duwatsu aka matse kogi, ana kwashe su don ruwa ya koma wanke tsakuwarsa da kansa. Rabin aikin ma zama ne a ɗakin girkin manomi ana shan shayi ana lallashi, kuma na tarar da yawancinsu idan ka kai su bakin ruwa ka miƙa musu bokitin gilashi suka gani da idonsu, magana takan sauya. Gani ya kori ji.

A inda ƙumba ta yi ƙaranci har 'ya'yanta ba sa gamuwa da kifi, mukan haɗa su da hannu. A ƙarshen bazara a ɗauko 'yan mata masu ciki a sa a bokiti na ɗan lokaci har su saki 'ya'ya, ruwan ya yi fari-fari, a mayar da su gurbinsu. A ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a sa ƙwayar gishiri. Idan 'yan ɓawon suka datse bakinsu nan take, sun nuna, a shirye suke. Sai a kamo 'yan kifi daga kogin, a zuba su cikin ruwan na 'yan mintoci, a ɗaga kumatun ɗaya a duba, a ga fararen ɗigo-ɗigo sun manne a jan naman, a sake su su tafi da kayansu. A Ingila ma akwai inda ake renon ƙumbar a tankuna kusa da tafkin Windermere har ta yi ƙwari kafin a mayar da ita kogi.

Alhamdulillahi, na ga amfanin abin da idona. A wani reshe da aka toshe magudanansa shekaru da suka wuce, ina tona tsakuwa sai na ji ta sako-sako a hannu, ruwa na ratsa ta, babu baƙar laka. Cikin abin da na tace a rariya sai ga wata 'yar ƙumba da ba ta kai tsawon gaɓar yatsana ba, launinta ruwan zuma, ba ta riga ta yi baƙi ba. Na ƙwala wa abokin aikina kira har ya zaci faɗuwa na yi. Muka auna ta, muka ɗauki hoto, muka mayar. Da yamma na buga wa dattijon nan waya na ce, "Baba, an samu ƙarama." Ya sa na maimaita masa tsawonta sau biyu, sannan ya ce in zo in ɗauke shi ya je ya gani, ko da sanda.

Wannan 'yar ƙumbar ba za ta fara haihuwa ba sai nan da shekara goma ko fiye, kuma sai idan salmon da tirawut suna hawowa reshen a lokacin. Saboda haka aikin da ke gabanmu a bana shi ne wani tsohon kwalbati a ƙasan wurin da ke tare kifi idan ruwa ya ja. Mai filin ya amince a cire shi, saura kuɗin katafila da izinin hukuma, kuma dole a kwashe ƙumbar da ke ƙasa da shi da hannu, ɗaya-ɗaya, a ajiye su a sama kafin a fara tono.